Kun Tambaya Mun Amsa: Finafinan Ban Tsoro na Japan, Wai Ina Malamin da Zai Ƙona Aljanin?

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan abu guda suka taru, finafinan ban tsoro na ƴan Japan, musamman waɗanda aka ciro daga manga, littattafansu na labari cikin zane. Huɗu na zaɓa, sauran ku yi haƙuri.

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗan Bukoki ne nan Yamai. Wani mai turin fim wajen Wadata ya sa mani wani fim ɗin Japan a waya, sunansa Uzumaki, ya ce in na kalla ba ni barci. Muka kunna shi a fada da dare ana shan shayi, wallahi rabin fada dariya suka riƙa yi, wai mutum ya koma dodon koɗi yana bin bangon lakwal, kuma fim ya ƙare ba a kashe aljanin ba, ba a ma nuna shi ba. Abokaina suka ce na cinye masu sharji a banza. Yanke fim ɗin aka yi ko dama haka yake?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Mai turi bai cuce ka ba, haka fim ɗin yake. Ya fito a shekarar 2000, wani darakta da ake kira Higuchinsky ya yi shi, daga littafin Junji Ito wanda aka riƙa bugawa kashi-kashi a mujalla tsakanin 1998 da 1999. An shiga aikin fim ɗin tun mai zanen bai kai ƙarshen labarinsa ba, shi ya sa ƙarshensu ya bambanta, na fim ɗin kuma ka ga kamar an tashi ne ba sallama.

Aljanin da kuke jira kuwa babu shi ko a littafin. Abin da ya kama garin Kurouzu siffa ce kawai, layin nan mai naɗewa yana zagaye kansa irin na tsakiyar faifai. Mahaifin saurayin yarinyar da labarin ke bi shi ya fara, ya bar aiki ya koma tara duk wani abu mai wannan naɗin, yana zama ya ƙura wa bayan dodon koɗi ido, daga ƙarshe jikinsa kansa ya naɗe ya mutu (cikin injin wanki a fim, cikin bahon katako a littafi). Matarsa ita kuma tsoron siffar ya kama ta, ta aske kanta don gashi yana naɗewa, ta kankare fatar ƴan yatsunta don zanen da ke jiki, sai ta gano akwai wani naɗin a can cikin kunnen ɗan Adam, to ka ƙarasa da kanka. Wannan matar ita ce abin tsoron a wurina, ta fi duk dodon koɗin.

Dariyar da kuka yi ba laifinku ba ne duka. Junji Ito gwanin shafi ne. Zai ja ka da ƙananan hotuna, fuskar wani yana kallon abin da kai ba ka gani, ido a zare, a nan shafin ya ƙare, sai ka sa hannunka da kanka ka juya, sai ga hoto guda ya cika takarda baƙi da fari, an zana shi layi bisa layi har zufar da ke fatar. Hoton ba ya motsi, ba ya ƙara, kai ne kake tsayawa a kansa iya yadda ka iya ɗauka. A fim dole abin ya motsa, dole a sa wa ɗan wasa roba a baya ko a haɗa da kwamfutar shekarar 2000, kuma da zarar ido ya gane roba ce shi ke nan tsoro ya tafi. Shi daraktan ma kamar ya san da haka, shi ya sa ya rina fim ɗin da wani kore-kore ya bar ƴan wasa suna wuce gona da iri, rabi ban tsoro rabi shaƙiyanci. Ba shi kaɗai ya sha wannan wahalar ba. A 2024 aka fitar da katun ɗin Uzumaki kashi 4, baƙi da fari don a bi zanen sau da ƙafa, kashin farko mutane suka yi ta yabo, na biyu yana fitowa zanen ya faɗi ƙasa warwas, aka yi ta zaginsu a intanet.

Ɗayan rabin kuma daga wurinmu yake. Mun saba da fim ɗin aljanu mai dalili da magani. Ko kishiya ta je wurin boka, ko an gina gida a mazaunin iskoki, ko an watsa ruwan zafi da magariba ba bisimilla, sannan a minti goma na ƙarshe a ɗauko malam ya yi ruƙiyya, aljani ya yi ihu ya fita, kowa ya tashi hankalinsa kwance. Finafinan kudancin Najeriya fasto suke kawowa, na Amurka limamin coci mai gicciye, duk hanya ɗaya ce. Mutanen Kurouzu ba su yi wa kowa komai ba, kuma babu wanda za a kira. Ɗan kallon da ya saba a biya shi da hukunci a ƙarshe sai ya ji kamar an riƙe masa canji. Ni a ganina nan ne ƙarfinsu yake, don abin yana binka har bayan ka kashe waya. Amma fim ɗin kansa matsakaici ne, ba zan yi maka ƙarya ba. Nemi littafin, da Faransanci an buga shi da sunan Spirale, daga dama zuwa hagu ake buɗe shi, kuma kai kaɗai za ka karanta, fada da shayi da mutum goma ba wurin jin tsoro ba ne.

Tambaya: Malam, fim ɗin nan na matar da ke fitowa daga rijiya ta ratso talabijin, shi ma daga manga ne? Kuma mi ya sa fatalwarsu kullum mace ce da farin kaya da gashi ya rufe fuska? Daga wani tela a Lazare.

Amsa: A'a maigida, mutane da yawa suna haɗa su. Ringu na 1998 wanda Hideo Nakata ya yi daga littafin rubutu zalla na Koji Suzuki aka ɗauko shi, wanda ya fito a 1991, Amurkawa suka sake nasu a 2002. Ju-on na Takashi Shimizu shi kuma ba daga littafin kowa yake ba. Farin kayan likkafaninsu ne, da shi suke yi wa mamaci sutura, kuma matansu na da a ɗaure suke barin gashi sai in an mutu a kwance shi. Siffar ta girmi sinima nesa ba kusa ba, tun 1825 ake wasan Oiwa a dandamalin kabuki (wasan kwaikwayonsu na gargajiya), matar da aka sa wa guba ta lalata mata fuska ta dawo tana bin mijinta. Rijiyar ma tsohuwa ce, akwai labarin Okiku, baiwar da aka ɗora wa laifin ɓatan faranti guda cikin 10 aka jefa ta rijiya, kullum da dare a ji tana ƙirga faranti ta tsaya a 9. Abin da ya ba ni sha'awa, su da bazararsu suke ba da irin waɗannan labaran, wajen watan Agusta lokacin bikin tunawa da matattu, wai tsikar jiki in ta tashi tana rage zafi. Da hakan na aiki da mu nan watan Afrilu ba mu kallon komai sai su.

Tambaya: Malam ina wuni. Ni uwa ce, daga Tawa. Ɗana shina aji na ukku a kwaleji, na iske wani baƙin kaye cikin jakarshi ya rubuta sunayen abokanshi har da na malaminshi na lissahi, na tambaye shi ya ce wasa ne na wani fim Death Note. Hankalina bai kwanta ba. Wanga abu tsahi ne? In ƙona shi?

Amsa: Lafiya lau Hajiya, Allah ya raya shi. Ba tsafi ba ne, babu wata ɗalasima a ciki, kaye ne na kanti da bik. Labarin manga ne da Tsugumi Ohba ya rubuta Takeshi Obata ya zana daga 2003 zuwa 2006, aka yi masa fim kashi biyu a Japan a 2006, aka yi katun, wanda yawancin yaranmu shi suke kallo da fassarar Faransanci. Wani ɗalibi mai ƙwaƙwalwa ne ya tsinci littafin da wani abin halitta na mutuwa ya yar, duk wanda aka rubuta sunansa ana tuna fuskarsa sai ya mutu. Ya fara da masu laifi yana cewa gyaran duniya yake, a hankali ya koma kashe duk wanda ya tsaya masa a hanya, ya fara ɗaukar kansa abin bauta, kuma ƙarshensa bai yi kyau ba. Ban tsoronsa kaɗan ne, yawancinsa wasan wayo ne tsakaninsa da mai binciken da ake kira L.

Ba ke kaɗai kika damu ba, a China hukuma ta sa shi cikin jerin katun ɗin da ta hana a 2015, kuma a ƙasashe da dama an sha kama yara a makaranta da irin wannan kayen. In kin ƙona zai sayi wani. Ni sunayen nake so ki duba. Zauna da shi ba da faɗa ba, ki tambaye shi wane me ya yi maka, malamin lissafin nan me ke tsakaninku, sau da yawa za ki tarar wasa ne tsakanin abokai kowa ya rubuta kowa, amma wani lokacin yaro ana cin zalinsa ne a lakwal bai san wa zai gaya wa ba. Ki kuma gaya masa yi wa mutum fatan mutuwa ko da wasa ba tarbiyyarmu ba ce, ya yage shafin da hannunsa. In shekarunsa ba su kai 15 ba ni da zan ce a dakata da kallon tukuna.

Tambaya: Malam na kalli Tomie guda biyu kuma raina ya ɓaci. Yarinya kyakkyawa maza suna kashe ta amma ita ce aka mayar dodo. Wannan ba ƙin mata ba ne? Wata ɗaliba daga Harobanda.

Amsa: Ƴata, tambayarki tana da ƙarfi kuma ba zan ce ba ki da hujja ba. Amma ga abin da zai ba ki mamaki, Tomie a mujallar ƴan mata aka fara buga ta, Monthly Halloween, a 1987, lokacin Junji Ito yana aikin haɗa haƙoran roba yana zane da dare. Da ita ya samu yabo a gasar da ke ɗauke da sunan Kazuo Umezu, babban malamin zanen ban tsoro na Japan wanda ya rasu a 2024. To masu karatunta na farko ƴan mata ne sa'o'inki, kuma sun karɓe ta har aka yi shekaru ana ci gaba da ita.

Tomie ba mutuniyar kirki ba ce, tana da girman kai, tana wulaƙanta mutane, tana haɗa faɗa. Sai dai duba wanda ke riƙe da wuƙa a kowane labari. Malamin makaranta ne, mai zane ne, saurayi ne mai natsuwa da kowa ke yabo, kowanne yana cewa sonta yake, kuma da ya ga ba zai mallake ta ba sai ya sassare ta, kowane yanki kuma ya tsiro ya zama wata Tomie da tabon nan nata a ƙarƙashin idon hagu. Ni abin da nake karantawa ke nan, mazan ne ake tona wa asiri. Wata kuma za ta ce ai duk da haka jikin mace ake yankawa ana sayar da tikiti, kuma a kan finafinan na fi yarda da ita, don wasunsu jinin kawai suka ɗauka suka bar sauran.

Na farko ya shiga sinima a 1999, Ataru Oikawa ya ba da umarni Miho Kanno ta fito a Tomie, aka yi ta yi har 2011, guda 9 in an haɗa da na talabijin, kusan kowanne da sabuwar ƴar wasa. Matsalarsu guda ce, a takarda an ce kyanta yana haukata maza kuma ka yarda don alƙalami ne ya yi ta, a fim kuwa yarinya ce kyakkyawa kamar sauran, sai ɗan kallo ya ce to a kan wannan ake kisa? Ba ki faɗi waɗanda kika kalla ba. In za ki ƙara guda ki gwada Tomie: Re-birth na 2001, Takashi Shimizu ne ya yi shi kuma ya iya jan shiru kafin abu ya faru. Kada dai ki kunna shi ƙannenki suna ɗakin.