Me ya sa ƙura ke yin zane a jikin roba?

Hajiya, kin tambaya me ya sa ƙura ke kwanciya layi-layi, wani lokaci kamar rassan bishiya, a kujerun roba da bayan talabijin ɗinki a Omdurman, alhali kullum kina goge su da busasshen tsumma.

Gugar ce ke jawo haka. Idan tsumma ya gogi roba, wasu ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira elektaron sukan bar ɗaya su koma ɗaya, sai robar ta ɗauki caji, wato lantarki ya taru a jikinta. Ƙarfe zai watsa cajin nan take, amma lantarki ba ya gudana a jikin roba, sai cajin ya tsaya daidai inda hannunki ya bi, nan da yawa, can kaɗan. Ƙurar da ke yawo a iska, ko ita ba ta da caji, na robar yana janyo ta. Inda ya fi taruwa, nan ƙura ta fi kauri. Masu kama da rassa kuwa sawun ɗan tartsatsin lantarki ne da ya ratsa saman robar. Wani Bajamushe, Lichtenberg, ya lura da irinsu tun 1777.

Busasshiyar iskarmu ta Sudan na ƙara tsananta abin, domin laima ce ke kwashe caji. Shi ya sa ya fi damun mutane kafin damina, ga zafi ga ƙura.

Don Allah ki bar busasshen tsumma. Ki jiƙa shi, ki ɗiga ɗan sabulun ruwa, ki matse sosai. In talabijin za ki goge, ki fara cire shi daga wuta.