Zan iya ɗura maikrolita 20 a injin GC (na'urar rarrabe sinadarai a samfuri) maimakon 1?

Tambaya daga wani ɗalibi a Ringim: Malam ina aunin ragowar fiya-fiya a waken da na siyo a kasuwar Gujungu, amma pik ɗin da GC ke bani (tsinin zanen da ke nuna yawan maganin) ƙanana ne sosai, kusan ba a gani. In na ɗura maikrolita 20 maimakon 1 ai zai fito ko?

Toh ɗan'uwa, tunaninka daidai ne amma kada ka cika sirinji ka danna haka kawai. Kaga asitonaitiril ɗin da ka jiƙa waken da shi, wato ruwan sinadarin da ke tsamo maganin, maikrolita 1 in ya shiga laina (ɗan bututun gilashin da allura ke zuba samfuri a ciki) mai zafin digiri 250 sai ya koma tururi wajen maikrolita 400, ita kuma lainar duka-duka bata kai mililita 1 (maikrolita 1000) ba. Ka zuba 20 kenan tururin zai yi ambaliya ya koma baya cikin bututun gas, gobe ka ɗura ruwa zalla ka ga pik ka rasa daga ina.

Abin da ake yi shi ne amfani da bakin allura na PTV, irin wanda ake iya sanyayawa da zafafawa yadda ake so, wanda Vogt da abokan aikinsa suka fito da shi a 1979. Laina tana sanyi, ƙasa da digiri 82 da asitonaitiril ke tafasa, ka ɗura a hankali, ƙofar fitar tururi a buɗe, gas ya kwashe ruwan ya bar maganin manne a audugar gilashi, sannan ka rufe ƙofar ka ɗaga zafi da sauri zuwa 280 komai ya wuce kolom, dogon siririn bututun da ke rarrabe sinadaran. Kamar shiƙar gero dai, iska ta ɗauke ƙaiƙayi.

Sai dai naka maganin fitinanne ne. Sinadarin fiya-fiya, DDVP, shi ma baya wuyar tashi, in ka bar ƙofar ta daɗe ko laina tayi ɗumi zai bi ruwan ya gudu, ka dawo kace wake lafiya lau alhali ba haka bane. Ni da nine kai, da maikrolita 5 zan fara, in zuba maganin da na san yawansa a wake mai tsafta in ga nawa ya dawo kafin in ƙara.

Kuma dattin wake ma ninkuwa yake, wlh laina zata yi baƙi da wuri, so ka tsaftace samfurin da kyau. Iyakar da Tarayyar Turai ta sa 0.01 mg/kg ce, a kanta suka dakatar da wakenmu a 2015, in 5 ta nuna maka wannan adadin sarai ba sai ka je 20 ba.