Tambayi Makanike: Fitar da Tankin Mai Daga Bayan Kujera

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar akori-kura ƙirar Chevrolet C10 ta 1971 da na gada daga mahaifinmu. Injinta lafiya lau, amma tankin mai yana tsaye a bayan kujera, kuma da bazara warin fetur ba ya barin mutum ya rufe gilashi. Wani mai walda ya ce zai mayar min da shi gefen bodi, ƙarƙashin ƙofa. Ya halatta in yarda? In ba nan ba, ina ya kamata?
— Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yarda da gefen bodi. Shi kansa kamfanin da ya ƙera motarka ya taɓa bin wannan hanya: motocinsa na akori-kura suna da tanki a bayan kujera har zuwa 1972, daga 1973 zuwa 1987 ya mayar da shi waje da ƙarafunan shasi, a gefe, inda ba abin da ya raba shi da motar da za ta buge ka sai faifan bodi. An sha ƙararraki a kotunan Amurka kan gobarar da ke tashi in an yi karo ta gefe, kuma a sabuwar ƙirar 1988 aka shigar da tankin tsakanin ƙarafunan shasi biyu. Nan ne wurinsa. A motarka, filin da ya fi dacewa shi ne bayan aksul, inda safaya taya take rataye. Tayar sai ta koma cikin bodi, a ɗaure ta a tsaye.

Kafin ka sayi komai, ka fara da awo. A ɗora wa motar kaya kamar yadda ka saba, buhu goma ne ko nawa ne, sannan a shiga ƙarƙashi da tef. A auna faɗin da ke tsakanin ƙarafunan shasi ta ciki, da tsawon daga ƙarfen da ya gitta bayan aksul zuwa na ƙarshe, da zurfin daga ƙasan bodi zuwa ƙasa. Dalilin ɗora kaya shi ne aksul yana hawa yana sauka. Tankin da ka gani da tazara mota ba kaya, ranar da ta ɗauko masara daga Giwa ta faɗa rami sai tulun aksul, wato kumburin da ke tsakiyarsa, ya same shi. Ka bar aƙalla santimita 8 tsakanin tanki da duk abin da ke motsi, da santimita 10 zuwa 15 tsakaninsa da bambar baya. Gindin tanki kuma kada ya sauko ƙasa da tulun aksul. Ka duba ko akwai wani ƙusa mai tsini da ya fuskanci tankin, ko na bamba ko na ƙugiyar jan tirela. A juya kansa ko a rage shi, don a karo ta baya shi ne zai fara huda tankin.

Da wannan awon za ka tafi kasuwa, ko Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko wurin masu kayan gyara na Sabon Gari. A Amurka tankin Chevrolet Blazer na 1969 zuwa 1972 ake yawan sa wa irin motarka saboda shasinsu dangi ne, amma a nan samunsa sai an dace. Duk tankin fetur na ƙarfe da ya shiga awonka zai yi, mai lita 60 zuwa 80. A haska cikinsa da tocila. In ka ga tsatsa tana ɓarewa, ko baƙin danƙo a gindi, ka bar musu kayansu. Ka kuma nemi wanda yake da shinge a ciki, wato farantan da ke hana mai tangaɗi. Idan babu su, in mai ya yi ƙasa ka sha kwana, bututun zai zuƙi iska injin ya yi tari.

In ƙerawa za a yi, a yi da sabon faifan ƙarfe mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2, wanda fetur bai taɓa shiga ba. A gwada shi da iska kaɗan, kada ta wuce psi 3 a ma'aunin ƙarfin iska, a shafa ruwan omo a kan kowace walda a nemi kumfa. Masu faci suna son su ɗura masa iska irin ta taya. Wannan kumbura tanki yake yi, wani lokaci ma ya tsage shi.

Wajen cire tsohon tankin ne aka fi samun haɗari. A fara cire wayar batir ta nagetif. A zuƙe man da famfon hannu, a fili, nesa da janareta da mai walda da mai shayi. Kada a yi aikin a kan ramin gareji: tururin fetur ya fi iska nauyi, gangarawa yake ya kwanta a rami, ya jira tartsatsi. Tankin da ya bushe ya fi cikakke haɗari in wuta ta kusance shi, domin abin da ke fashewa shi ne tururi gauraye da iska. Saboda haka duk wanda ya ce zai wanke tsohon tankin da ruwa ya yanka shi ya sake masa siffa, ka yi masa godiya ka wuce. A ajiye abin kashe gobara na hoda da bokitin yashi kusa. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi.

Ɗaurin tanki kuma, ka tuna lita ɗaya ta fetur kusan giram 740 ce, wato lita 75 ta kai kilo 55, ban da nauyin tankin kansa, kuma wannan nauyin dukan ƙarfe zai riƙa yi a kowane gargada. Ɗamara biyu ta ƙarfe ake sa wa, mai faɗin santimita 3 zuwa 4 da kaurin milimita 3, a shimfiɗa roba tsakaninta da tanki. Tsohon cub na taya yana narkewa in fetur ya taɓa shi, gara robar da aka yi don mai. Ƙusoshi su zama M10, wato masu kaurin milimita 10, masu lamba 8.8 a kai, da noti mai kulle kansa. Ba a yi wa shasi walda, ba a kuma huda leɓensa na sama ko na ƙasa, don nan ne ƙarfinsa yake. A huda tsakiyar bangonsa, ko ma a yi amfani da hudojin da ke nan tun asali. Idan ƙarfen da ya gitta ya tare hanya, a matsar da shi a ɗaure da ƙusa, kada a yanke a yar. Salansa ta wuce da tazarar santimita 15. In ba fili, a sa faifan kariya a tsakani, da ɗan sarari ta kowane gefe, a kuma karkatar da bakinta ya fita ta gefe.

Ramin da tsohon wuyan tanki ya bari a jikin mota da hudojin ƙasa, a toshe su, in ba haka ba hayaƙin salansa ne zai maye gurbin warin fetur.

Tambaya: Mun riga mun mayar da tankin motarmu baya. Matsalar ita ce a gidan mai sai bindigar ta yi ta tsayawa, mai ya dawo ya zube. Kuma in an yi tafiyar minti ashirin sai motar ta mutu, in an buɗe murfin tanki a ji "fuuu", sai ta tashi.
— Direba daga Samaru

Amsa: Ciwo biyu ne, amma tushensu ɗaya: tankinku ba ya numfashi. Mai ba zai shiga ba sai iska ta fita, ba zai kuma fita ba sai iska ta shiga.

Na gidan mai, ku duba tiyon da ya taso daga murfi zuwa tanki. Dole ya gangara tun daga sama har ƙasa, ba inda ya kwanta ko ya lotsa. Wuri ɗaya in ya yi ciki, mai zai taru a nan ya toshe hanya. Sannan yana buƙatar ƙaramin tiyo na biyu, mai faɗin milimita 13 zuwa 16, daga saman tanki zuwa can kusa da bakin murfi, wanda iska za ta bi ta fita lokacin da ake zuba mai. Masu sauya tanki da yawa suna ganin wannan ƙaramin bakin su toshe shi da ƙusa, suna zaton ba shi da aiki. Babban tiyon kuma ya zama na mai. Tiyon lagireto yana kama da shi, yana da araha, amma fetur yana cinye shi cikin 'yan watanni, ya yi laushi ya fara zubar da baƙin gari cikin tanki.

Mutuwar motar kuwa, famfo ne yake zuƙar mai babu iskar da ke maye gurbinsa, har ƙarfinsa ya ƙare. Wannan "fuuu" da kuke ji iska ce take rugawa ciki. Ko dai a sa murfi mai numfashi, ko a ja siririn tiyo na milimita 6 zuwa 8 daga saman tanki, a hau da shi sama da bakin murfi, a lanƙwaso bakinsa ƙasa. A sa masa bawul ɗin da ke rufewa in mota ta kife. A bakinsa kuma a maƙala ƙaramar filtar mai ta babur. A ƙasar nan wannan filtar ba ado ba ce: ƙurar hunturu tana shiga, kuma zanzaro yana son irin wannan rami. Motar da ta yi sati biyu a ajiye, sai ka tarar ya cika bakin tiyon da laka ya shafe, ka yi ta canza famfo a banza.

Kada ku cika tanki har wuya. Fetur yana ƙaruwa da kusan kashi 1 cikin 100 a duk ƙarin zafi na digiri 10, kuma man da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa da sanyinsa zai kumbura in mota ta tsaya a rana a watan Afrilu. In bindiga ta tsaya, a bari haka. Wuyan ƙarfen da murfi yake kai kuma a haɗa shi da shasi da waya, saboda tartsatsin da busasshiyar iskar hunturu ke haifarwa.

Tambaya: Na sa tankin wata Toyota ta gwanjo a tsohuwar Chevrolet. Yanzu in na cika tanki geji sai ya nuna babu mai, in mai ya kusa ƙarewa ya nuna a cike. Kuma kafireta tana ambaliya.
— Mai karatu daga Kwangila

Amsa: Gejinka lafiyarsa ƙalau, yarensu ne ya bambanta da fulot ɗin da ke cikin tankin, wato abin da ke yawo a kan mai yana gaya wa geji yawansa. Gejin Chevrolet na 1967 zuwa 1972 yana jiran om 0 (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki) in tanki ya bushe, om 90 in ya cika. Tsofaffin Toyota da yawa akasin haka suke, wajen 110 in babu mai, wajen 3 in ya cika. Na tsohuwar Ford ma haka, 73 zuwa 10. Juya wayoyi ba ya gyara wannan. Ka sa mai wayarin ya ciro fulot ɗin, ya ɗora masa mita, ya ɗaga hannunsa sama da ƙasa ya karanta. Daga nan ko a samo fulot mai 0 zuwa 90 a daidaita tsawon hannunsa da zurfin tankin, ko a sayi geji da fulot 'yan gida ɗaya a ɗaura gejin a ƙasan dashbod. A ja wa fulot wayar at tasa, wato ta nagetif, zuwa shasi, tunda tankin yanzu a kan roba yake zaune. In wannan wayar ta tsinke, allurar Chevrolet wucewa take can bayan F ta tsaya.

Ambaliyar kuma, ina kyautata zaton tankin na mota mai injekta ne, kuma an haɗa famfon da ke cikinsa da wuta. Irin wannan famfo yana turo mai da ƙarfin psi 40 ko fiye, alhali kafiretarka tsakanin 4 da 7 take so. A cire shi, a sa bututun zuƙa a wurinsa, bakinsa ya tsaya kamar santimita 1 daga gindin tanki, da rariyarsa.

Famfon injin na asali zai iya jawo mai daga baya, muddin layin ba ya shan iska. A ja bututun ƙarfe na milimita 8, ko 10 in injin V8 ne, ta cikin ƙarfen shasi, ɓangaren da ba salansa, da kilif mai roba duk santimita 30 zuwa 40. Tiyon roba gajere kawai ake sa wa a ƙarshen nan biyu, mai rubutun SAE J30 a jiki. Bututun jan ƙarfe na masu gyaran firji yana da sauƙin lanƙwasawa, amma girgiza tana sa shi ya taurare ya tsage. In har sai an sa famfon lantarki, a sa mai ƙaramin ƙarfi, kusa da tanki kuma ƙasa da shi, domin turawa ya iya, ba zuƙa ba. Filta ta zo kafinsa, wutarsa ta bi ta fis da rile, a kuma ratsa ta makunnin da ke aiki da ƙarfin baƙin mai, yadda in injin ya mutu a haɗari famfon ma zai tsaya.

Tambaya: Tankin Land Cruiser ɗina ta 1976 yana ƙarƙashin kujera kuma yana yoyo. Kafin in tara kuɗi, zan iya ajiye jarka a gaba in ja tiyo?
— Manomi daga Shika

Amsa: A'a, Alhaji, ko zuwa masallacin unguwa. Jarka ba ta da ɗauri, ba ta da hanyar numfashi sai cikin ɗakin da kake zaune, kuma makunnin fitila ko wayar da ta goge ya isa ya tayar da tururin. Toyota da kanta ta fitar da tankin daga cikin ɗaki zuwa ƙarƙashin mota a 1979. Kafin ka yanke wa tankin hukunci, ka ɗaga kujera ka share shi tas, ka barbaɗa masa hoda ko garin alli, ka zuba mai ka duba inda ya fara jiƙewa. Sau da yawa ba ƙarfen ne ya hude ba: gasket ɗin fulot ne ya bushe, ko tiyon wuya ya tsattsage, kuma waɗannan ba su da tsada. In gindin ne ya ci tsatsa saboda laka da ruwan da ke kwanciya ƙarƙashinsa, sabulu da gam ba za su riƙe ba. A ajiye motar har a samu wani tankin, kuma tunda za a kashe kuɗin, a ɗaura shi tsakanin ƙarafunan shasi kamar yadda muka bayyana wa mai tambaya na farko.