Zafin titi nake shiga da shi gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direban adaidaita sahu ne a Kano, tsakanin Kurna da Bata nake jigila. Kafin in haɗa balas ɗin maigida raina ya gama ɓaci: ga cunkoso, ga rana, ga fasinja mai rigimar canji. Ina shiga gida yaro ya yi ɗan laifi sai in rufe shi da faɗa, daga baya in yi ta da-na-sani. Wani abokina ya ce in riƙa motsa jiki. To ni da nake dawowa a gajiye liƙis, wane motsa jiki kuma?
Mai karatu daga Kurna

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abokinka ya faɗa maka gaskiya. Gajiyarka ta zama ce da ta ɓacin rai, ƙafarka ba ta yi aikin komai ba tun safe.

Duk lokacin da wani ya sha gabanka ka taka birki da ƙarfi, jikinka yana sakin sinadaran adrenaline da cortisol. Zuciya ta hau bugu, kafaɗa ta ɗaure, jiki ya shirya wa gudu ko dambe. Kai kuwa kana zaune riƙe da kan mashin, hakan ta faru sau ashirin a wuni. Wannan shirin damben ne kake saukewa a kan yaron.

Don haka idan ka ajiye mashin kada ka zarce gida. Zaga unguwa da ƙafa na minti 30, tafiya mai sauri wadda za ka iya magana amma numfashinka ya ɗan hau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na irin wannan motsa jiki a mako, ka ga kwana biyar ke nan. In ya yi maka yawa fara da minti goma. Ni bayan Asuba nake tawa, waya kuma a gida nake barinta, don na lura in tana aljihu rabin tafiyar a tsaye nake yinta. Kai ta yamma za ta fi maka, kafin Magariba, ka tsaya masallaci sannan ka yi sallama a gida.

In kana da hawan jini, ko ƙirjinka na ciwo in ka yi sauri, fara ganin likita. Haka in ɓacin ran ya kai mako biyu ba barci ba cin abinci, wannan ya wuce maganin tafiya. Ƙwayoyin da ake tallata wa direbobi a tasha wai na cire gajiya kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.