Takardar OAPI ba ta tsallaka iyakar Najeriya

Ɗan'uwa, ka ce ka ƙera injin matse man gyaɗa a nan Damagaram, kana son sayarwa a Kano, wata masana'anta a Guangzhou ta ƙasar Sin kuma ta yi maka ƙarafunan, kana tambaya ko takardar mallakar ƙirƙira ɗaya ta wadatar. Gaskiya ba ta wadatar ba, kuma a nan ne mutanenmu suka fi asara.

Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar ƙasashen Afirka da ke rajistar mallakar ƙirƙira, mai hedkwata a Yawunde, bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977. Takarda ɗaya tana kare ka a ƙasashe 17 na tsawon shekara 20, har da Cadi da Benin da Kamaru. Najeriya ba ta ciki. Da ka wuce Matamai ka tsallaka iyaka, duk maƙerin da ya kwance injinka, ya auna haƙoransa da awo, ya fitar da irinsa, bai taka doka ba. Sai ka yi rajista daban a Abuja ƙarƙashin dokarsu ta 1970, da Turancin Ingilishi, kuma da adireshin wakili a cikin ƙasar. Ka sani ofishin can takardu kawai yake dubawa, ba ya binciken ko abin sabo ne. Ƙarfin takardarka sai a Babbar Kotun Tarayya ake gane shi, ranar da wanda ka kai ƙara ya ce an san wannan fasaha tun da daɗewa.

Lokaci ne ke kayar da mutane. Daga ranar da ka shigar da buƙata a OAPI kana da wata 12 ka kai ta wasu ƙasashe da wannan kwanan watan. Idan ka bi ta tsarin PCT, wato yarjejeniyar duniya ta shigar da buƙata ɗaya don ƙasashe da yawa, wa'adin ya kai wata 30, amma PCT ba ya ba da takarda, numfashi kawai yake ba ka. Don Allah kafin ka shigar, kada ka kai injin Kasuwar Dole kana gwadawa, kada ka sa bidiyonsa a Facebook. Abin da ya fita fili ya daina zama sabo.

Sin ta fi wuya. Wanda ya riga shigarwa shi ne mai abu, kuma suna da ƙaramar takarda ta shekara 10 da ke fitowa da wuri ba tare da dogon bincike ba. Idan ka tura zane kafin ka yi rajista, masana'antar na iya shigarwa da sunanta, har ta sa kwastan su tsare maka kaya a tasha. Baƙo dole ya bi ta wakilin da ke da lasisi a can, komai kuma da Sinanci. Kotu rubutun Sinancin take karantawa, don haka kalma ɗaya da tafinta ya ƙuntata, a ce ka rubuta ƙarfe ya mai da shi baƙin ƙarfe kaɗai, ta buɗe wa mai kwaikwayo ƙofa ya yi da alminiyom.

Ƙara kuma kai ne za ka kawo hujja: ka sayi jabun, ka riƙe rasit, a Sin ma a gaban jami'in shaida. Akwai kuɗin shekara-shekara a kowane ofishi, idan ka makara ana ɗaga maka wata 6 da tara, bayan nan takardar ta faɗi. A ganina ka fara da OAPI, ka bi da Abuja cikin wata 12 ɗin, Sin kuma kada zane ya tafi sai an sa hannu a yarjejeniyar sirri da aka rubuta da Sinanci.