Filin Tambaya da Amsa: Dole ne in fito in yi tir da masu tsattsauran ra'ayi?

Wasiƙu huɗu muka zaɓo a wannan fitowar, duka daga birnin Kano, duka kuma a kan batu guda. Mun taƙaita tambayoyin, mun sakaya sunayen masu su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta malamai. Ina aiki a wani kamfani a Bompai tare da waɗanda ba Musulmi ba. Duk ranar da aka kai hari da sunan Musulunci, ko a Borno ko a Turai, sai wani abokin aikina ya ce, "Ku Musulmin kirki me ya hana ku magana?" Abin yana min ciwo, don ni ban aiki kowa ba. Wajibi ne in fito in yi tir, ko in yi shiru abina?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu biyu ne suka cakuɗe a tambayarka, sai an raba su.

Na farko alhakin laifin. Wannan ba ya kanka ko kaɗan. Allah ya faɗa a Suratul An'am, aya ta 164, cewa babu rai da zai ɗauki nauyin zunubin wani. Babu wanda yake binka bashin neman afuwa kan abin da wani ya aikata a Faransa ko a dajin Sambisa. Kuma ka tuna wa abokin aikinka cewa ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012, da aka kashe aƙalla mutum 185 a Kano, har da hedikwatar 'yan sanda ta nan Bompai aka kai wa hari. Ranar 28 ga Nuwamba 2014 kuwa a Babban Masallacin Juma'a na cikin gari aka kashe masallata sama da 100. Mutanen da yake nema su wanke kansu, su ne suka yi ta jana'iza.

Na biyu shi ne umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. Wannan kam yana kanka, kuma Allah ne ya ɗora maka, ko abokin aikinka ya tambaya ko bai tambaya ba. Hadisin Abu Sa'id al-Khudri da Muslim ya ruwaito, wanda duk ɗan Islamiyya ya haddace a Arba'una, ya ce wanda ya ga mummuna ya gyara da hannunsa, in bai iya ba da harshensa, in bai iya ba da zuciyarsa. Zubar da jinin bayin Allah da kafirta Musulmi suna sahun gaba a munanan ayyuka, jingina su ga addini kuma ya ƙara musu muni.

Akwai misali daga Manzon Allah (SAW) kansa. Bayan buɗe Makka ya aiki Khalid ɗan Walid (RA) zuwa ƙabilar Banu Jazima. Mutanen ba su iya furta musuluntarsu yadda aka saba ba, Khalid ya fahimce su a baibai, aka kashe wasunsu. Abdullahi ɗan Umar (RA), wanda yake cikin rundunar, nan take ya ƙi kashe fursunan da ke hannunsa. Da labari ya iso, Annabi ya ɗaga hannu ya ce, "Ya Allah, ina barranta zuwa gare ka daga abin da Khalid ya aikata," har sau biyu. Bukhari ne ya ruwaito. Kuskuren tawili ne daga babban sahabi, amma duk da haka aka barranta a gaban jama'a, ba a rufe don gudun abin da maƙiya za su ce ba. To ina ga wanda ya mai da kisa aƙida?

Sai dai nauyin kowa da girmansa. A mazhabar Malikiyya wannan aiki fardu kifaya ne: in waɗanda suka isa sun yi, ya sauka daga kan saura. Yana komawa fardu aini a kan wanda babu mai iya yi a wurin sai shi. Sarki da gwamna da jami'an tsaro su ke da hannu. Malamai da limamai da masu wa'azi a rediyo su ke da harshen da ake ji, shirunsu kuwa ana ɗaukarsa yarda. Kai ma'aikacin Bompai, naka rabon shi ne zuciyarka ta ƙi abin ƙi na gaskiya, in an yi maganar a gabanka ka faɗi gaskiya ba kwana-kwana, kuma ka kula da waɗanda ke ƙarƙashinka.

Zancen cewa Musulmi ba sa magana kuwa, rashin labari ne. Saƙon Amman na 2004, wanda malamai kusan 200 daga ƙasashe 50 suka mara wa baya a 2005, ya haramta kafirta mabiya mazhabobin Musulunci, ya kuma gindaya sharuɗɗan wanda zai ba da fatawa. A Satumba 2014 malamai sama da 120 suka sa hannu a buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugaban ƙungiyar ISIS, suna rushe hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya. In abokin aikin naka ya sake tambaya, amsa shi da sakin fuska: "Haramun ne a addinina, ban yarda da shi ba, kuma mu ya fi kashewa." Ya wadatar. Ba sai ka maimaita kullum kamar mai amsa tuhuma ba.

TAMBAYA: Ni limamin masallacin khamsu salawati ne a yankin Kurna, ina ɗan karantarwa tsakanin Magariba da Isha. Ina so in taɓo wannan batu, amma mun ga abin da ya sami malaman da suka yi magana. Ina da iyali. Na yi laifi in na kame bakina?

AMSA: Allah ya gafarta Malam, tsoronka yana da tushe. An harbe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka sani da yi wa aƙidar Muhammad Yusuf, jagoran Boko Haram na farko, raddi, yana jan sallar Asuba a masallacinsa na Ɗorayi ran 13 ga Afrilu 2007. An kashe Sheikh Albani Zariya tare da matarsa da ɗansa ran 1 ga Fabrairu 2014, Shekau, shugaban Boko Haram a lokacin, kuma ya fito ya ce su ne. A Janairu 2013 an buɗe wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero wuta a cikin Kano. Harin Babban Masallaci ya zo ne kimanin mako biyu bayan Sarki Muhammadu Sanusi II ya yi kira ga jama'a su tashi su kare kansu.

Malaman Malikiyya, irin su Ibnu Rushd kaka, sun kafa sharuɗɗa uku. Mai hani ya san abin da yake hani a kansa da ilimi. Haninsa kada ya haifar da ɓarnar da ta fi wadda yake son kawarwa. Sannan ya kasance yana kyautata zaton maganar za ta yi amfani. In ɗaya daga cikin biyun farko ya faɗi, maganar ma ba ta halatta ba. In na ukun ne ya faɗi, wajabcin ne ya sauka, halaccin yana nan. Don haka wanda ke fuskantar barazana ta zahiri ga ransa yana da uzuri, in kuma ya daure ya yi magana yana da lada babba. Amma a yi wa kai adalci. Kanon yau ba ta 2012 ba ce, lokacin da ake sassauta murya kafin a ambaci sunan ƙungiyar. Yawancin abin da ke rufe baki yanzu tsoron raguwar mabiya ne, ko gudun a ce malam ya zama ɗan gwamnati, kuma wannan ba uzuri ba ne.

Ga yadda muke ganin karatun zai yi amfani, ya kuma rage haɗari. Ka kama aƙidar, ka bar sunayen mutanen unguwa, domin ambaton suna a gaban jama'a kan jawo ko dai ramuwa a kanka ko a far wa wanda ka ambata. Ka ɗauki shubuha guda a kowane zama, kada ka tara. Misali yau ayar Ma'ida ta 44 da suke kafirta ma'aikatan gwamnati da ita, ka kawo bayanin Ibnu Abbas cewa kafirci ne da bai kai mai fitarwa daga addini ba. Wani zaman hadisin Usama ɗan Zaid, da Annabi ya yi masa faɗa mai tsanani kan kashe wanda ya furta kalmar shahada a fagen yaƙi. Wani zaman haƙƙin wanda ba Musulmi ba da ake zaman amana da shi. Ka kawo tarihin gida: Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi rubuce-rubuce da yawa yana raddi ga ɗaliban da ke kafirta talakawa don ba su san hujjojin ilimin tauhidi ba, har ya saɓa wa malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umar kan kafirta mai saɓo. Matashin Kano yana jin wannan fiye da sunan wani taro a ƙasar waje. In da hali, ku haɗa baki da limaman maƙwabta ku ɗauki batun a mako guda, don kada a ware mutum ɗaya.

Inda ake yawan ɓata aikin kuwa sananne ne. Wani zai yi tir, sai ya biyo da "amma ai su ma an zalunce su", wannan "amma" ta cinye duk abin da ya faɗa. Zaluncin jami'an tsaro gaskiya ne, kisan Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a Yuli 2009 ba tare da shari'a ba yana cikin abin da ya rura wutar, kuma ya cancanci nasa karatun daban, ba a jingina shi a matsayin hanzari ba. Wani zai ce ai ba Musulmi ne ke yi ba, turo su aka yi, alhali yaran da aka ɗiba 'ya'yan Musulmi ne, da aya da hadisi aka ja su, da su kuma za a dawo da su. Wani kuma sai ya mai da abin makamin rikicin Izala da Ɗariƙa, kowa na cewa daga gidan wancan ta fito, rabin masallaci ya toshe kunne. Mafi muni shi ne mai zaɓe: ya yi kuka kan harin masallaci, ya yi gum kan Kiristocin da aka kashe suna ibada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero a Afrilu 2012, ko matar da aka kashe a kasuwar Ƙofar Wambai a 2016 bisa zargin ɓatanci ba tare da an je gaban alƙali ba. Ɗaukar doka a hannu ma wuce gona da iri ne, kuma nan ne aka fi gane malamin da tir ɗinsa na Allah ne.

TAMBAYA: Ƙanena ɗan shekara 19 ya daina bin limamin unguwarmu sallah, yana cewa albashin babanmu haramun ne don aikin gwamnati yake, kullum yana ɗaki da waya yana sauraron wasu wa'azozi. Ni yayarsa ce mace. Me zan yi?

AMSA: 'Yar'uwa, a nan ne fardu kifaya ya zama fardu aini, domin babu sanarwar wata majalisar malamai da za ta shiga ɗakin nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada a kore shi daga gida, kada a yi masa taron dangi ana kiransa ɗan Boko Haram. Masu jansa sun riga sun gaya masa danginsa za su ƙi shi saboda gaskiya, korar sai ta tabbatar masa da maganarsu. Ki zauna da shi ki tambaye shi hujjojinsa, ki saurara har ƙarshe, ki riƙe su, ki kuma san wa yake saurara da wa ya haɗa shi da su. Ke kada ki shiga muƙabala da shi in ba ki da karatun, don in ya kayar da ke sai ya ƙara samun yaƙini. Ki sanar da mahaifinku, a nemo malamin da yaron yake ganin girmansa, ya zauna da shi su biyu, ba sau ɗaya ba. Haka Ibnu Abbas ya yi da Khawarijawa, waɗanda suka ɓalle suna kafirta Musulmi a zamanin Sayyidina Ali: ya je har inda suke, ya ce su faɗi abin da suke zargi, suka kawo abu uku, ya warware su ɗaya bayan ɗaya da Alƙur'ani da Sunna, dubbai suka dawo. Sannan a nema masa abin yi, karatu ko sana'a, a rage zaman kaɗaici.

Akwai iyaka. In kika ga makami, ko kuɗin da ba a san tushensu ba, ko shirin tafiya "hijira", ko ya ambaci wani wuri ko wani mutum da za a far wa, zancen nasiha ya wuce. A sanar da mai unguwa, a tafi tare da shi da wani dattijo wajen 'yan sanda ko DSS, zuwa da shaidu yana kare yaron kansa. In abin na gaggawa ne a kira 112. Dokar hana ta'addanci ta Nijeriya ta ɗauki ɓoye irin wannan bayani a matsayin laifi. Annabi (SAW) kuma ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumin, ya bayyana cewa taimakonsa shi ne a hana shi zaluncin.

TAMBAYA: In na rubuta "Allah wadai" a Facebook, na sauke nauyi?

AMSA: Ka yi abu mai kyau, in labarin tabbatacce ne, don Suratul Hujurat aya ta 6 ta ce a bincika kafin a ɗauki mataki. Amma kada ka haɗa da bidiyon harin ko jawabin shugabanninsu, ko da niyyar tsine musu ne, domin yaɗuwar suke nema, kai kuma ka kai musu shi wayoyin da ba su isa ba. Kada ka sa hoton gawa, akwai iyalai. In a zauren WhatsApp na dangi ko na 'yan makarantarku wani ya turo wa'azin kafirtawa, amsa shi a nan inda aka turo, da ladabi da hujja ko da karatun malamin da ya warware shubuhar, sannan ka bi wanda ya turo ta waya ku yi magana ku biyu.