Amsar Baffa Kan Fita Cin Abinci a Hutun 12 ga Yuni

Assalamu alaikum, ɗana. Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Saƙonka ya iso ni, kuma na gane nufinka: tun da hutun 12 ga Yuni ya faɗo ranar Juma'a, kana so ka taho Kano daga Abuja, ka kwashi mahaifinka da mahaifiyarka da maiɗakinka da iyayenta da abokanka na makaranta, ku je gidan cin abinci ku zauna a teburi ɗaya. Ka tambaye ni ko hakan ya dace da al'adarmu, ka kuma ce abokan naka sun kawo shawarar kowa ya biya kuɗin abin da ya ci. Fitar kanta ba ta da aibi. Sai dai mutanen da ka lissafa ba za su ci su ƙoshi a teburi ɗaya ba, ita kuwa maganar kowa ya biya nasa, kada ka bari ta kai kunnen mahaifinka.

Da a ce hutun Sallah ka tambaye ni a kansa, da kai tsaye zan ce maka ka bari, domin abincin Sallah na gida ne: a dafa, a zuba a kwanuka, yara su kai wa maƙwabta da dangi, a karɓi masu zuwa gaisuwa, sannan wanda yake so ya tafi kallon hawa. Wanda ya kulle gidansa ranar Sallah ya tafi otal ya tozarta masu zuwa gaishe shi. Amma 12 ga Yuni hutun gwamnati ne, kuma sabo ne. A 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya mayar da Ranar Dimokuraɗiyya daga 29 ga Mayu zuwa wannan rana domin tunawa da zaɓen 1993, wanda Abiola ya kara da ɗan garinmu Bashir Tofa, aka kuma fara yin hutun a 2019. Ba mu gaji wani tuwo ko wata gaisuwa ta musamman ga ranar ba, kamar yadda ba mu gada ba ga 1 ga Oktoba. Saboda haka kwanakin naka ne, ka tsara su yadda ka ga dama. Ka dai tuna cewa hutun na ma'aikata ne da ɗalibai. Mutanen Kantin Kwari da Singa da kasuwar Sabon Gari suna shagunansu, don haka kada ka ɗauka kowa zaune yake yana jiranka.

Yana da kyau ka san dalilin da zai sa mahaifinka ya yi jim idan ka kawo masa maganar. A lokacin da muka taso, abincin sayarwa na matafiya ne da 'yan tasha da 'yan ci-rani da gwagware. Magidanci mai mata idan aka gan shi a gaban mai tuwo-tuwo, abin da za a ɗauka shi ne matarsa ta yi yaji, ko kuwa gidansa ba a ɗora tukunya ba, kuma dukkansu abin kunya ne gare shi da ita. Abin da aka yarje wa namiji ya saya a waje shi ne tsire da balangu da fura, su ma yawanci gida zai kai. Wannan ba ya nufin ba mu san cin abinci cikin jama'a ba. Muna da ciyayya, inda magidantan layi ke haɗuwa a zaure ko a dakalin ƙofar gida da dare, kowane gida ya fito da kwanonsa, a buɗe su ɗaya bayan ɗaya, mai miyar nama da mai busasshiyar kuka su ci tare ba tare da an ce wannan na wane ne ba, baƙon da ya ratso ma a ce masa bisimilla. Fita shan iska da iyali ta fara shiga jikin ma'aikata ne bayan zamanin Gwamna Audu Bako, da aka samu gidan zoo da Tiga da Bagauda, kuma ko a lokacin daga gida ake dafowa a tafi da shi. Yanzu gari ya sauya, gidajen abinci sun cika Zoo Road da Bompai da Nasarawa, mutanen kirki ne ke shiga, ba wanda zai zargi maiɗakinka da lalaci don an gan ku a can. Addini ma bai hana ba, domin a Suratun Nur an faɗa mana babu laifi mu ci tare ko a rarrabe. Abin da ya rage a kanka shi ne ka tafi can da ladubban kwanon gida.

Babban abin da ka manta a lissafinka shi ne kunya. Kai ɗan fari ne, kuma ka sani har yau mahaifiyarka ba ta kiran sunanka; ta yaya kake zaton za ta buɗe baki ta ci kaza kana fuskantar ta, ga surukanta a gefe, ga samari abokanka suna raha? Maiɗakinka ba za ta iya kai loma a gaban mahaifinka ba, kai ma ba za ka iya a gaban mahaifinta ba, kuma idan ka iya to za a lura, za a kuma faɗa a bayanka. Surukinka zai amsa gayyatar don kada ya ba ka kunya, ya zo ya ɗan taɓa abincin ya ce alhamdulillahi, ya koma gida ya sa a ɗumama masa tuwo. Za ka kashe kuɗi mai yawa ka tara mutanen da kowannensu ke jiran a tashi. Na san akwai gidajen da suka sassauta wannan, musamman 'yan boko, ban kuma ce sun yi laifi ba, amma gidanmu da gidan surukanka ba su kai can ba tukuna, kuma ba a gidan abinci cikin idon jama'a ne za ka fara gwada su ba.

Shawarata ita ce ka raba fitar. Abokanka ku fita ku kaɗai, ko da daren Asabar ne, ku yi hirarku yadda kuka saba. Maiɗakinka da ƙannenka da yaran gida ka fita da su wata rana, domin su ne za su fi kowa jin daɗin abin. Su kuwa manya, girmamawar da suka sani ita ce ka je har inda suke. Ka sayi abincin nan mai kyau da kake so su ɗanɗana, a zuba a kuloli masu tsabta, ka kai wa mahaifinka ya kira 'yan'uwansa da maƙwabtansa su ci a zaure, a shigar wa mahaifiyarka nata ciki. Na gidan surukai kuma maiɗakinka ta kai, kai ka bi bayanta ka durƙusa ka yi gaisuwa ka fito. Idan duk da haka mahaifinka ya nuna yana son fitar, to ka nemi wurin da ke da keɓaɓɓen ɗaki, ka haɗa shi da sa'o'insa, kai kuma ka tsaya a matsayin mai hidima, kada ka zauna kana ci kafaɗa da kafaɗa da su.

Sai maganar kuɗi. A wurinmu wanda ya kira shi ke biya, kuma ba ya sanarwa. Idan ka ce wa mutum ya zo ku ci abinci, ka mayar da shi baƙonka, ko a falonka ne ko a otal, kuma ba a taɓa miƙa wa baƙo lissafin abin da ya ci. Tsakaninku abokai kuna iya yin karo-karo, wannan tsohon abu ne, yabonsa ma ya zo a hadisin Ash'arawa, waɗanda idan guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu su raba daidai. Amma ka lura da bambancin: a karo-karo ana tara kuɗin ne tun kafin a fita, a hannun mutum ɗaya, mai hali ya ƙara, wanda ba shi da aiki a ɗauke masa ba tare da sauran sun sani ba. Abin da abokanka suka kawo kuwa shi ne a zauna bayan an ci, kowa ya duba takarda ya ƙirga nasa, wanda kuma aljihunsa ba nauyi ya wuni yana shan ruwa yana cewa ya ƙoshi. Wannan tona asiri ne, kuma a cikinku tabbas akwai wanda ya gama karatu bai samu aiki ba.

Idan kai ne mai biya, ka je wurin tun da wuri ka ga farashinsu, ka tambaya ko sun haɗa da harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, don kada lissafi ya zarce abin da ka tanada. Gab da gamawa ka tashi kamar za ka wanke hannu, ka biya a can wurin mai karɓar kuɗi, kada a kawo takarda teburi a fara jayayyar "bari in biya" ana ɗaga murya. Idan wani wanda ya girme ka ya riga ka biya, ka nuna ba ka so sau ɗaya, sannan ka yi godiya ka bar shi, domin nacewa a nan raini ne. Tuwon girma miyarsa nama, shi ma ya san abin da ya sa ya yi. Yaran da suka yi muku hidima ka ba su wani abu a hannu, kamar yadda ake ba ɗan aike tukuici, kuma kada ka bari wani daga cikin mutanenka ya daka musu tsawa.

Game da lokaci, ranar Juma'a ba ta dace ba sai bayan la'asar, domin ga masallaci ga ɗaurin aure, kuma irin wannan dogon hutu ne mutane ke zaɓa su sa bukukuwansu, saboda haka ka tambayi mahaifinka wane ɗaurin aure ne ya rataya a wuyan gidanmu kafin ka tsayar da rana. Ka zaɓi wurin da ba a sayar da giya, mai wurin alwala da salla, kada magariba ta same ku kuna jiran a kawo abinci. Yuni farkon damina ne, hadari na iya tasowa da yamma, don haka da yara gara cikin ɗaki da filin waje. A teburi a bar babba ya fara, a yi bisimilla, a ci da dama ko da cokali ne, kowa ya ci gabansa. Kada ku yi odar abin da ya fi ƙarfin cikinku don a ce kun yi bajinta, abin da ya saura kuma a ƙulle muku ku fito da shi, almajirai na nan a bakin ƙofa. Ɗaukar hoton abinci a sa a Facebook ko WhatsApp ban ga amfaninsa ba, domin cikin masu kallo akwai dangin da ba ka gayyata ba da maƙwabtan da tukunyarsu ba ta hau wuta ba ranar.

Kada kuma ka dawo gida hannu rabbana. Duk wanda ya rage a gidan, daga Goggonku da ba ta iya fita har zuwa mai aiki da maigadi, yana da rabo a cikin fitar, kuma ka yi odar nasu tare da naku, kada ya zama ragowar da kuka bari. Tsire ko gasasshiyar kaza ya isa, a miƙa wa mahaifiyarka ta raba da hannunta.

Ni ma idan ka iso ka biyo ta wurina da safiyar Asabar mu je mu gaida mahaifin naka tare, sai in taya ka gabatar masa da maganar abincin zauren. Ka gaida maiɗakinka. Allah Ya kawo ku lafiya, Ya yi maka albarka.

Baffanka.